Yadda ake ƙidayar birai a dawa: jagora ga mai son farawa daga Kano

Birin da yawancinmu muka sani a Kano shi ne wanda ke ɗaure da igiya a ƙugu, masu wasa na yawo da shi kasuwa-kasuwa, ko wanda ke zaune cikin keji a gidan zoo na Audu Bako. Na hannun masu wasan, daga dawa aka ɗauko shi yana jariri, kuma ba a raba jaririn biri da uwarsa ta lalama. Galibi sai an harbe ta. Duk guda ɗaya da ka gani a titi, akwai garken da aka yi wa giɓi a wani daji. To garke nawa suka rage, a ina suke, ƙaruwa suke yi ko ƙarewa? Nemo amsar shi ne aikin masu ƙidaya, kuma aiki ne da ɗalibin gandun daji a Jami'ar Bayero ko ta Wudil, ko malamin sakandare mai sha'awar namun dawa, zai iya koya ya kuma yi shi da kyau.

Ga yadda lamarin yake a ƙasar nan. Gorilar Kuros Riba ba su kai 300 ba a duniya gaba ɗaya, suna warwatse a tsaunukan kan iyakarmu da Kamaru, irin su Afi da Mbe da Okwangwo. Biri mai ganga, wato cimfanzi irin na Najeriya da Kamaru, tsarin kare shi da masana suka fitar a 2011 ya ƙiyasta tsakanin 3,500 da 9,000 ne suka rage. Dubi tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu, za ka gane irin wahalar ƙirga dabbar da ke gudun mutum. Babbar mafakarsa a Najeriya ita ce Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a ƙasar, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa. Mu nan kusa da gida muna da jan biri da kirka da gwaggon biri. Jan birin da manoma ke ganin ba zai taɓa ƙarewa ba, a 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta mayar da shi rukunin waɗanda suke dab da shiga haɗari, saboda noma da saran itace da gawayi suna cinye dajin da yake kiwo.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. Ƙidayar da wani ba zai iya zuwa ya maimaita ta daidai yadda ka yi ba, yawon buɗe ido ce kawai. Duk matakan da ke ƙasa, manufarsu ke nan: wanda zai zo bayan shekara biyar ya taka inda ka taka, a watan da ka taka, ya gwada adadinsa da naka.

Fara da tambaya, sannan wuri

Tambayoyi uku ne, kowace da nauyinta. Akwai su a wannan daji? Nawa ne? Suna ƙaruwa ko raguwa? Ta farko mako biyu na iya amsa ta. Ta biyu sai da layukan awo, wato miƙaƙƙun hanyoyin da ake takawa ana ƙirga, da lissafi. Ta uku sai an shekara da shekaru ana komawa. Sabon shiga ya fara da ta farko, ya tsara aikinsa yadda zai zama tubalin sauran.

Daga Kano, daji mafi kusa shi ne Falgore, kimanin kilomita 150 kan hanyar Jos, a yankin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Yankari a Bauchi wuri ne mai kyau na koyon aiki, don gwaggon biri a sansanin Wikki ba ya ɓuya, ga kirka ga jan biri. Mai son biri mai ganga kuwa sai ya shirya doguwar tafiya: Gombe, Numan, Jalingo, Bali, har Serti, garin da ofishin gandun Gashaka-Gumti yake. Maganar tsaro ba ta wasa ba ce a dazukanmu yanzu. Idan ma'aikatan gandu ko mutanen gari suka ce kada a shiga wani ɓangare, ba a shiga, sai ka rubuta a rahotonka cewa ba a duba wurin ba da kuma dalili.

Izini iri biyu ne

Na takarda: dajin da ke hannun jiha, ma'aikatar muhalli ta jihar ce ke ba da izini, gandun ƙasa irin Gashaka-Gumti kuwa, hukumar gandayen daji ta ƙasa da ke Abuja, sannan ofishin gandun. Ka nemi wasiƙa daga sashenku ko ƙungiyarku, ka fara bi da wuri, don takarda ba ta sauri.

Na biyun ya fi tasiri a kan sakamakonka. Da ɗan gari akan ci gari. Ka gai da hakimi ko dagaci, a haɗa ka da mai unguwa, da sarkin baka, da arɗon Fulanin da ke kiwo a wurin. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, ka kuma bayyana cewa ba kame ka zo yi ba, don mutum da littafi da na'ura a daji ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Sannan ka zauna da tsofaffin mafarauta ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, don a taro bakin babba kowa ke bi. Yadda ka jefa tambaya shi ke yanke irin amsar da za ka samu. Idan ka ce, "Baba, ai akwai jan biri da yawa a nan ko?" zai ce maka, "Ƙwarai kuwa, ɗana," don kada ya ba baƙo kunya. Ka ce, "Baba, yaushe rabonka da ganinsu da idonka? A wane rafi? Lokacin ana girbin me?" A nan ne za ka ji amsa irin, "Tun kakar gero ta bara ban ƙara ganinsu a fadamar nan ba, sun koma bayan dutse." Wannan magana ce da za ta hau taswira. Ka tafi da hotunan birai iri-iri, ka cusa ɗaya ko biyu na waɗanda babu su a ƙasar nan sam. Wanda ya ce ya sha ganin waɗannan, ka gode masa, ka sa alama a gefen bayaninsa.

Kaya da atisaye, duk a cikin gari

Ba sai ka jira tallafin Turai ba. Kana buƙatar madubin hangen nesa, kamfas, tef ɗin awo mai mita 50, agogo, littafi mai kauri da fensir (biro na cin amana idan takarda ta jiƙe), wayar da GPS ɗinta ke aiki ba tare da intanet ba, da batirin ko-ta-kwana. Waya da batiri Farm Centre ko Beirut. Takalmin roba da tufafi masu launin ƙasa a Ƙofar Wambai. Farar riga da turare ka bar su a gida. Akwai manhajojin tattara bayanai kyauta, irin su KoboCollect da CyberTracker da SMART, wadda ma'aikatan gandu da dama ke amfani da ita wajen sintiri. Duk da haka ka riƙa rubutawa a takarda ma.

Kafin ka bar Kano ka yi atisaye biyu. Ka je gidan zoo ka zauna gaban kejin birai, ka koyi bambance namiji da mace, babba da matashi, ka saurari kukansu. Sannan ku sami fili mai bishiyoyi, kamar bayan sabuwar jami'ar Bayero, kai da abokin aikinka: ɗaya ya nuna bishiya, ɗayan ya ƙiyasta nisanta, a ja tef a gani. Ku yi ta yi har kuskurenku ya ragu sosai. Kowa yana ganin ya iya ƙiyasin nisa sai an ja tef.

Zana layuka

Ka buɗe taswirar dajin a kwamfuta, ka shata iyakar inda za ka duba, ka jera layuka miƙaƙƙu masu tazara ɗaya, kowanne kilomita 1 zuwa 3. Wurin da layin farko zai fara, ƙuri'a za ta zaɓa, ba kai ba. Dalili shi ne, idan aka bar mutum da zaɓinsa, hanyar shanu zai bi ko bakin rafi mai inuwa, ko inda aka ce masa birai na taruwa, sai adadin ya kumbura ko ya rame. Layi ya ratsa rafi da tudu, kada ya bi su a tsaye. Gajerun layuka ashirin sun fi dogaye uku amfani, don su ne ke nuna maka bambancin wuri da wuri. Ka adana lambobin GPS na farko da ƙarshen kowane layi. Wajen share hanya a sassauta adda: layin da aka share fes, gobe mafarauci ne zai bi shi. Bayan sharewa a bar wurin ya huta kwana biyu kafin a fara ƙirga.

A dajin da bai ba da damar miƙaƙƙen layi ba, ana yin tafiyar leƙe, wato a bi inda ya fi sauƙi ana riƙe da alƙibla ɗaya. Wannan na ba ka adadin haɗuwa a kowane kilomita, ba yawan dabba ba. Ka kira shi da sunansa a rahoto.

Ranar tafiya

Da an idar da sallar asuba a kama hanya, a kasance a bakin layi da gari ya waye sosai, wajen shida da rabi. Daga nan zuwa goma da rabi ne birai ke motsi. Rana na take sai su lafe. Mutum biyu ko uku sun isa: mai kamfas, mai dubawa, mai rubutu. Ba hira, ba taba, waya a kashe ƙararta. Tafiyar kilomita ɗaya a awa guda, ana tsayawa duk bayan mita ɗari a saurara. Wanda ya saba da saurin Kantin Kwari zai ji kamar ba tafiya ake ba, amma wannan jan ƙafar ita ce aikin. Sau da yawa kunne ke riga ido: karyewar reshe, faɗuwar 'ya'yan kanya ko ɓaure, haushin gwaggon biri daga kan dutse.

Da an hango garke sai a tsaya cak. Mai dubawa ya riƙe a ransa ainihin inda ya fara ganinsu, kafin su motsa, ya ɗaure wurin da wata bishiya ko suri. A rubuta lokaci, lambar GPS, irin birin, adadin da aka gani da ido, sannan a wani gurbi daban na takarda, adadin da ake zaton ya ɓuya. A rubuta ko akwai masu goyo. Minti goma ya isa, kada a bi su.

Sai awon da duk lissafin ya rataya a kansa: nisan da ke tsakanin layi da tsakiyar garken, a miƙe, kamar yadda bango ke haɗuwa da bango a kusurwar ɗaki. Ba nisan da ke tsakaninka da su ba. Idan ka hango su a gabanka ta gefe, ka auna nisansu daga inda kake, ka ɗauki kusurwa da kamfas, lissafi ya fitar da sauran: garken da ke mita 40 daga gare ka a kusurwar digiri 30, mita 20 ne daga layi. Kada ka riƙa cike lamba zuwa 10 ko 50 don sauƙi, kuma kada ka rubuta sifili don kawai suna kusa da layi. Wannan ɗabi'a ita ta fi ɓata ƙidaya, domin tana sa manhaja ta ɗauka idonka gajere ne, sai ta ninka yawan dabbar.

Jan biri sai an yi masa dabara ta daban. Ya fi duk birai gudu, yana kai kilomita 55 a awa, kuma yankin kiwonsa na da faɗi ƙwarai. Garken mata ne da 'ya'ya da babban namiji guda, shi ne kuma yakan hau kututture ya bari a gan shi yayin da sauran ke sulalewa cikin ciyawa. Idan ka ga ƙato ɗaya yana kallonka, duba ɗaya gefen. Da rani, zama a ɓoye kusa da mashaya tun safe na ba da adadin garke fiye da layi. Gwaggon biri kuma a makwancinsa ake ƙirga shi, kan dutse ko dogayen bishiyoyi, lokacin da suke saukowa ɗaya-ɗaya da sassafe.

Kada idonka ya tsaya kan birai kaɗai. Kwanson harsashi, tarkon waya, ramin gawayi, kututturen maɗobiya da aka sare, sabuwar gona, sansanin masu haƙar ma'adinai, duk a rubuta da lambar GPS. Ranar da adadi ya faɗi, waɗannan ne za su gaya maka dalili.

Layin da ka taka ba ka ga komai ba, ka cike masa takardarsa cif: rana, lokaci, tsawo, yanayin gari, sannan sifili. Na san yadda zuciya ke yi bayan awa huɗu cikin ƙaya ba ko wutsiya. Amma wanda ya zubar da ranakun sifili ya ajiye na sa'a kaɗai, ya yi wa dabbar ƙarya mafi muni, ya ce tana nan lafiya alhali tana ƙarewa.

Biri mai ganga: ana ƙirga sheƙa ne

Za ka iya yin wata guda a Gashaka kana jin ihunsu da dukan da suke yi wa saiwar bishiya, ba ka sa su a ido ba. Abin da ya taimaki masu bincike shi ne, duk wanda aka yaye a cikinsu yakan lanƙwasa rassa ya yi sabuwar sheƙar kwana kusan kowane dare. Jarirai na kwana da uwa har shekara huɗu zuwa biyar. Sheƙar ba ta gudu, don haka ita ake ƙirgawa a kan layi, da irin awon nan na nisa daga layi, a ja tef har ƙarƙashin kowace ɗaya. A rubuta irin bishiyar, tsayin sheƙar, da shekarunta a mataki huɗu: sabuwa mai ɗanyen ganye da kashi ko warin fitsari a ƙasa, ta kwanan nan wadda ganyenta ya fara yaushi, tsohuwa mai busasshen ganye, da ruɓaɓɓiya wadda sai ƙwarangwal ɗin rassa. A riƙa waiwaye, don wata sheƙar sai an wuce ta ake ganinta.

Ga misali da lambobin da na ƙaga don koyarwa. Ka taka kilomita 20, idonka na kama mita 25 dama da hagu, ka duba murabba'in kilomita 1 ke nan. Ka sami sheƙa 120. Kowane biri na yin kimanin 1.1 a rana, don wani lokaci yana yin ta hutun rana. Idan sheƙa na ɗaukar kwana 120 kafin ta ɓace, sai ka raba sheƙa 120 ɗin da 132 (wato 1.1 sau kwana 120), ka sami kusan 0.9 a kowane murabba'in kilomita. Idan kuwa a dajin nan kwana 200 take yi, amsar ta koma kusan 0.55. Sheƙun ba su canja ba, amma kusan kashi 40 cikin 100 na biran sun ɓace a takarda. Shi ya sa aron adadin kwanakin ruɓewa daga wani daji ke da haɗari: ruwan sama, irin itace da tsayin wuri duk suna canja shi. Ko dai ka sa wa sababbin sheƙu alama, aƙalla hamsin, ka riƙa komawa har su ɓace, ko ka bi hanya ta biyu: a zagayen farko ka yi wa duk sheƙar da ke kan layi alama, sannan ka riƙa dawowa duk mako biyu zuwa uku kana ƙirga sababbi kaɗai. Ta biyun ta fi cin ƙafa, amma ta raba ka da matsalar ruɓewa, kuma ni ita nake ba mai ƙaramin daji shawara.

Kyamara da kashi

Kyamarar tarko, wadda ke ɗauka da kanta idan abu ya gifta, ta sauya aikin nan. A 2020 irinta ce ta ɗauko garken gorilar Kuros Riba da jarirai a tsaunukan Mbe, shaida cewa suna haihuwa. A ɗaure ta daidai gwiwa zuwa ƙugu, ta kalli arewa ko kudu don kada rana ta haske ta, a share ciyawar gabanta, a rubuta ranar ɗaurawa da ta cirewa. A sanar da mutanen gari, don za ta ɗauki masu itace da makiyaya, kuma hotunansu amana ne. Ɗanyen kashi kuma ana ɗiban ɗan kaɗan da safar hannu, a jiƙa a sinadarin itanol kwana guda, a mayar cikin ƙwayoyin silika masu tsotse laima. Daga nan ɗakin gwaji ke tantance kowane biri da ƙwayoyin halittarsa. Yana da tsada kuma yana buƙatar izini na musamman, sai da haɗin gwiwar jami'a.

Lafiyarka da tasu

Murar da kai za ka sha shayi ka warke tana kashe biri mai ganga. Mai tari ko zawo ba ya shiga daji. Idan aka yi kiciɓis da su, a sa takunkumi, a ja baya aƙalla mita 10. Ba a ba biri abinci, ba a barin leda ko ragowar tuwo, bayan gida a haƙa rami a binne. Mushen biri ba a taɓa shi: a ɗauki hoto daga nesa, a rubuta wurin, a sanar da ma'aikatan gandu.

Bayan an dawo

A shigar da bayanai kwamfuta a daren ranar ko washegari, a ajiye kwafi biyu. Manhajar Distance, wadda masana a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan suka jagoranci ƙirƙirarta, kyauta ce. Tana duba yadda gani ke raguwa yayin da nisa ke ƙaruwa, ta fitar da faɗin da idonka ya kama da gaske. Tana son gani 60 zuwa 80 kafin amsarta ta zama abin dogaro. Idan naka bai kai ba, kada ka matsa mata: ka ba da adadin garke a kowane kilomita da ka taka, wannan ma ma'auni ne mai daraja muddin za a maimaita. Idan ka ba da ƙiyasi, ka ba da shi da iyakarsa ta ƙasa da ta sama, ba lamba ɗaya tilo ba.

Rahoto ya je wa hukumar da ta ba ka izini, kwafi ya je sashenku. Ka kuma koma garin da kanka, ka zauna a ƙofar dagaci ka yi bayani da Hausa ko Fulatanci, har da maganar ɓarnar da birai ke yi wa masara da gyaɗa, don manomin da ba a saurari kukansa ba ba zai saurari naka ba. Ainihin lambobin GPS na makwanci da mashaya kuwa, kada su fita a Facebook ko a rahoton da kowa zai karanta. Masu kama jarirai ma suna da waya. A shafin ƙarshe ka rubuta watan da aka yi aikin, sa'o'in tafiya, yawan masu dubawa, da lambobin farko da ƙarshen kowane layi, ka damƙa wa hukuma da malamin da zai tura ɗalibai baɗi. Idan a watan Fabrairu ka taka, a Fabrairu za a koma, don ƙidayar rani da ta damina ba a gwada su da juna: ciyawar Agusta kaɗai ta isa ta ɓoye garke guda a mita goma.